Ƙafar Hagun Diyab Mai Hawan Dabino

Idan ka zauna a ƙofar gidana da hantsi, za ka ji shi kafin ka gan shi. Taku ɗaya irin na kowa, ɗayan kuma faɗ, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Diyab ke nan, ƙanena, zai wuce gonar dabino. Akwai wata roba mai tauri da likita ya ba shi ya riƙa sawa cikin takalmi don ta tallafe masa ƙafar, amma ya ce gumi take sa shi, sai ranar Juma'a yake ɗaura ta. Sauran kwana shidan ina jin wannan ƙarar safe da yamma, kuma ni na jawo ta.

Sunana Abdul-Ati, amma a nan Kalamun, garinmu na dabino da ke tsakiyar hamada, kowa Ustaz yake ce mini, saboda shekara talatin da shida na yi ina cusa wa 'ya'yan mutane lissafi a ka. Ni ne babba a gidan Hajji Mihanni. Tsakanina da Diyab shekara goma sha shida ce, mata huɗu ne a tsakiyarmu, duk sun yi aure sun watse. Mahaifinmu mai hawan dabino ne, ubansa ma haka. Ni ma an gwada ni. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya ɗaura mini igiya a ƙugu, na hau har tsayin ƙofa, na leƙa ƙasa, shi ke nan na rungume itacen, na ƙi sama na ƙi ƙasa. Sai da ya hau ya ɓamɓaro ni. Bai zage ni ba, ya dai dubi mahaifiyarmu ya ce, "Wannan na makaranta ne." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Diyab kuwa tun bai iya wanke fuskarsa ba yake ɗare ƙananan itatuwa. Yana shekara goma sha biyar ya karɓi dogayen da suka fara fin ƙarfin Baba. Wanda bai taɓa hawa ba gani yake aikin hannu ne, alhali ba haka ba ne. Igiya ke riƙe da bayanka, hannu cilla ta sama kawai yake yi, ƙafa ce mai hawa. Za ka ɗaga yatsunka ka lalubo tushen reshen da ke sama, ka dasa, ka miƙe. In gaban ƙafarka bai ɗagu ba, babu inda za ka. Ni da ban iya ba na fi kowa iya bayaninsa.

Kafin ya hau dabinon da ke leƙa gidajen mutane sai ya ɗaga murya, "Ya Sattaru, mai hawa zai hau," don matan da ke tsakar gida su kimtsa. Kowane mai hawa yana yin wannan kiran, amma shi har rera nasa yake yi. Tsofaffin unguwa su mayar masa daga ciki, "Hau abinka, ɗan Mihanni, mu ne kawai a nan, in ka ga abin so ka sauko ka aura." A watan Baramhat na lissafin manomanmu, lokacin aurar da dabino, zai cusa furen namiji a gaban rigarsa ya bi matan itatuwan ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya hau ta sau uku kafin furenta ya gama buɗewa. A watan Tut kuma, lokacin girbi, ya koma ya sauko da nonnan da igiya. Bai taɓa ƙetare aji shida ba, a ajina ma ya faɗi jarrabawa, ni na ba shi sifirin da hannuna. Amma itace ɗari da wani abu da yake kula da su, namu da na mutane, ya san kowace da halinta.

Ƙullutun yana nan tun yana yaro. A ƙafar hagu yake, ƙasan gwiwa kaɗan ta waje, mai tauri kamar dutse, ba ya motsi, ba ya ciwo. Da farko bai wuce ƙwallon dabino ba. Ya yi ta girma tare da shi har ya kai ƙwan kaza, sannan ya tsaya. "Ɗan hayana" yake ce masa. In ana hira sai ya ƙwanƙwasa shi da cokalin shayi ya ce, "Kana ciki? To zauna, ba ka tsare mini komai ba." Babu wanda ya ɗauke shi wani abu, har ni.

Kafin in ci gaba dole in faɗi yadda Baba ya rasu, don a can abin ya fara.

Ciwon ciki ya kama shi, ya yi ta ramewa, na kai shi babban asibitin birnin Asyut. Likita ya duba takardu, ya yi wa tsoho murmushi, sannan ya ɗan kalle ni ya kalli ƙofa. Kowa a ƙasar nan ya san ma'anar wannan kallon. Na bi shi waje. A can ya gaya mini sunan ciwon, wanda ba ma kiran sunansa a gida, sai dai mu ce "wancan". Na roƙe shi kada ya gaya wa Baba, ya ce dama ba shi da niyya. Muka koma ciki, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan ƙari ne mara cutarwa, ya Hajji. Ɗan aiki za mu yi, ka koma ga dabinonka." Aka yi aikin. Suka buɗe, suka gani, suka rufe. Wata biyu ya ƙara a duniya.

A wajen zaman makoki kowa magana ɗaya yake yi: da ba a sa masa wuƙa ba da ya kai baɗi, wancan ciwon in ƙarfe ya taɓa shi, iska ta shige shi, sai ya fantsama. Ina mayar musu cewa camfi ne, ni malamin makaranta. A raina kuwa na yarda da su ɗari bisa ɗari, don ni na sa hannu a takardar aikin. Na yi rantsuwa ni kaɗai, babu wanda za a ƙara yankawa a gidan nan ina da rai. A wata biyun nan kuma kowace Alhamis sai na sayo tattabaru a kasuwa, matata Wahiba ta cusa musu alkama ta dafa. Baba romon kawai yake iya kurɓa. Diyab ke kai masa tiren, yana ɗan shekara goma sha tara.

Shekara takwas bayan haka, Diyab ya yi aure, matarsa Intisar tana da goyo. Wata rana muna shan shayi a ƙofar gidana, ya tashi zai tafi, silifar hagu ta zame ta bar shi. Ya koma ya saka, taku uku ta sake zamewa.

Na ce, "Kai da ka iya hawa sama ka kasa riƙe silifa a ƙasa?"

Ya yi dariya, amma ya dawo ya zauna. "Yaya, bayan ƙafar nan kamar tururuwa ke yawo a kai. Shekaranjiya ƙayar dabino ta shige ni a nan, ban sani ba sai da Intisar ta ga jini." Ya miƙe ƙafafun biyu ya ɗaga manyan yatsunsa. Na dama ya miƙe tsaf. Na hagu ya taso a hankali kamar mai jin barci, ya tsaya a rabi.

Intisar ce ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Na garinmu suka tura mu Asyut. Awa shida a mota, ni da shi.

Likitan da muka samu yaro ne, ban tabbata ya girmi ɗalibaina na farko ba. Ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila, ya juya ya fuskanci Diyab. Abin da ya fara ɓata mini rai ke nan: ga babban wa a zaune, kana bayani ga ƙarami.

Ya ce, "Ƙashinka ne ya yi tsiro a nan, ka gan shi, kamar reshe. Ƙari ne, amma ba mugun ba. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Matsalar ita ce wurin da ya zauna. Jijiyar da ke ɗaga ƙafarka ta nan take zagayowa, shi kuma ya tokare ta, duk lokacin da ka tanƙwara gwiwa tana gogawa a kansa. Ɗan aiki za mu yi mu sare shi, ka koma ga dabinonka. Amma kada ku ja lokaci. Jijiya in ta daɗe a danne mutuwa take yi, kuma ba lalle ta dawo ba."

Ɗan aiki. Ka koma ga dabinonka. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na kalle shi na kalli ƙofa. Bai tashi ba. Na yi gyaran murya na sake kallon ƙofa.

Ya ce, "Akwai tambaya ne, Ustaz?"

Na ce babu. Da muka fito na zaunar da Diyab a benci na ce ya jira ni. Na tsaya har likitan ya fito zai wuce wani ɗaki, na tare shi.

"Likita, ni ne babba. Gaya mini."

"Ai na gaya muku."

"Wannan ai bayanin cikin ɗaki ne. Na waje nake so."

Ana ta kiransa daga can gaba, mutane sun cika wurin maƙil. Ya yi irin dariyar nan ta wanda ya gaji, ya ce, "Babu wani na waje, Ustaz. Kada ka damu. Ku dai kawo shi cikin watan nan." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Wannan dafa kafaɗar ce ta gama da ni. Na ce a raina, abin ya yi munin da ko ni ya kasa gaya wa, yanzu ni ne tsohon da ake lallashi. In ba haka ba me ya sa ake gaggawa? Mutumin nan ya faɗa mini gaskiya sau biyu, a ciki da a waje, ni kuma ban taɓa ganin likita ya faɗi gaskiya a gaban majinyaci ba, don haka na ajiye tasa na ƙirƙiro tawa. Na je famfo na wanke fuskata, na daɗe a wurin.

Da na dawo Diyab ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce babu gaggawa. Ka san yaran likitocin nan, hannunsu ƙaiƙayi yake yi in ba su yanka mutum ba. Iska ce ta shiga jijiya, za ta fita."

Ya dube ni ya daɗe. Ya dubi wuyan rigata da ya jiƙe. Sannan ya ce, "To, Yaya."

Haka aka rene mu, ƙarami ba ya musu da babba. Takardar da aka ba mu ta kwanciya asibiti na ninke ta, na cusa a cikin tsohon littafin lissafi, na ɗora hoton ƙashin a kan kabad inda hannu ba ya kaiwa. Ban gaya wa kowa ba, ko Wahiba.

Ranar Alhamis na shigo da tattabaru huɗu. Wahiba ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ustaz da tattabaru ba salla ba? Wane laifi ka yi mini?"

Na ce, "Ba naki ba ne. Ki dafa ki kai gidan Diyab, aiki yana cin yaron nan."

"Yau ka san aiki yana cin sa? Jiya-jiyan nan kake ce masa jaki."

Gaskiyarta. Tun yana yaro ban taɓa barin sa ya sha ruwa ba: faɗan taba, faɗan makara, faɗan yawan dariya a gaban manya. Daga ranar da muka dawo Asyut na daina. Ya kunna taba a gabana na kau da kai. Har wuta na taɓa miƙa masa.

Don kada zuciyata ta ce ban yi komai ba, na kai shi wurin Ammu Sanusi mai lalas, can bayan tsohon gari. Tsohon ya sa ƙusa a wuta har ta yi ja, ya ɗora masa a wuri uku a gefen ƙwauri. Ni da ke riƙe da kafaɗunsa sai da na runtse ido saboda ƙauri. Na farko Diyab ya cije leɓe. Na biyu da na uku ko gezau. Ammu Sanusi ya ce, "Kai, namiji ke nan, ɗan ubansa." Ba jarunta ba ce. Fatar wurin ce ta riga ta daina ji, mu kuma muna ta yabo.

Baramhat na farko ya hau itatuwansa duka, sai dai a hankali. Ina ganinsa daga nesa yana ɗaga gwiwa har ƙirji don ƙafar ta kai inda yake so, wani lokacin ya sa hannu ya dasa ta. A shekara ta biyu ya koma gajeru kawai, dogayen aka ɗauko masu hawa daga garin Mut. Kiran nan nasa ya ɓace daga unguwa. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce, "Ustaz, ina mijinmu? Mun gaji da kimtsawa don baƙi."

A wannan shekarar Intisar ta zo ta same ni. Ba ta saba shigowa ɗakina ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da 'yarta a kafaɗa.

"Ustaz, ƙafar nan ramewa take yi. Na gwada da hannuna, ta dama ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ko tabarma sai ta harɗe shi. Don Allah ku koma Asyut."

Na ce, "Ke kika ga likitan ko ni?"

"Kai ne."

"Ke kika yi karatu ko ni?"

Ta gyara 'yar a kafaɗarta.

"To ki koma ki dafa masa abin da yake so, ki daina damunsa da surutu. Watarana za ki gode mini."

Ta fita tana share ido da gefen mayafi. Har yau in na tuna "za ki gode mini" ɗin nan, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Diyab bai rame ba. Ƙafa ce kawai ta tsotse, shi kuwa har kumatu ya yi saboda tattabaruna. Mai hankali da ya zauna ya yi lissafi: Baba wata biyu, wannan ga shekara biyu yana cin abinci yana dariya. Ni malamin lissafi na yi nawa lissafin, na ce ka gani ko, don ban bari an sa masa wuƙa ba ne. Har daɗi nake ji. Ina kallonsa yana jan ƙafa a lungu ina ce wa kaina ni na ƙara masa kwana.

A watan Tut na shekara ta uku, masu hawan da aka yi alkawari da su ba su zo ba. Akwai wata doguwa da Baba ya dasa da hannunsa, nonnanta sun nuna har sun fara zuba. Diyab ya kasa haƙuri. Ya sami tsumma ya ɗaure gaban ƙafar ya ja shi ya ɗaure a ƙwauri don ta tsaya a ɗage, ya ɗauki igiya. Bai yi kira ba, don kada a hana shi. Ya kai tsayin mutum biyu tsumman ya kwance. Allah ya taƙaita, a kan yashi ya faɗo, wuyan hannu ne ya karye.

A asibitin Mut muka dace da wata likitar ƙashi da ke zuwa sau ɗaya a mako, dattijuwa mai tabarau. Ta gama ɗaure hannun, idonta ya kai kan ƙafar da ke reto a bakin gado. Ta ɗaga ta, ta saki, ta faɗi. Ta shafa tabon lalas uku, ta danna ƙullutun, ta sa aka ɗauki hoto.

Ta ce, "An taɓa duba wannan?"

Diyab ya kalle ni. Ni kuma na kalle ta na kalli ƙofa. Ita ta gane, ta biyo ni waje.

Na rage murya na ce, "Likita, mun san abin da ke nan. Shi ne bai sani ba. Shekara uku ke nan muna lallaɓawa."

"Me kuka sani?"

"Wancan."

"Wa ya ce maka wancan ne?"

Na buɗe baki, na nemi sunan wanda ya ce mini, na rasa. Ta ce in je in kawo mata duk abin da aka ba mu a Asyut. Na tari mota na koma Kalamun, na sauko da hoton daga kan kabad duk ƙura, na zaro takardar daga littafi. Ta jera hotunan biyu a gaban fitila. Ko ni na ga babu bambanci, tsiron yana nan yadda yake, bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

Ta ce, "Wancan ba ya zama shekara uku yana jiran mutum. Ga shi ma an rubuta a takardar ƙarara: mara cutarwa, a cire da wuri saboda jijiya. Ba ka sami wanda zai karanta maka ba ne?"

Na ce, "Malamin makaranta ne ni." Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ta cire tabaranta ta dube ni.

Ni na gaya masa, ban bar wa kowa ba. Da rana tsaka ne, yana kwance da hannu a rataye, Intisar ta fita nemo ruwan zafi. Na zauna a bakin gado na faɗa masa tun daga wajen famfo har zuwa littafin lissafi. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ba mutuwa zan yi ba ke nan?"

"A'a."

Ya yi wata 'yar dariya, ya rufe ido da hannunsa mai lafiya. "Ranar da Wahiba ta shigo da tattabaru na tabbatar. Ka manta ni ke kai wa Baba tiren? Na ga ka tare likita a waje, na ga ka dawo da jan ido, sannan ga tattabaru, sannan ka daina zagina. Na ce shi ke nan, Diyab, ka kusa." Ya sauke hannun. "Likkafanina yana cikin akwatin igiya tun shekarar farko. Na ɓoye shi a ƙasa don kada Intisar ta gani."

Na ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

"Na ga kana ta wahalar ɓoyewa. Na ce bari in bar ka, kada wahalarka ta tashi a banza."

Shekara uku yana kwana yana tashi da mutuwar da ni na ƙaga masa, yana cin tattabaruna don kada in ji babu daɗi. Na kama ƙafar nan da hannu biyu, ban san me zan yi da ita ba. Na ce ya yafe mini. Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ƙafar tawa ce, Yaya. Da ni likitan ya yi magana."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

An yi aikin a Asyut, bai kai awa biyu ba. Suka nuna mana abin a kwalba, wani ɗan guntun ƙashi mai kai kamar farin kabeji. Likitan da ya yi aikin ya ce sun sami jijiyar ta baje a kansa ta yi siririya, naman da take motsawa kuma ya daɗe da bushewa. Ya ce a jira shekara a gani. Muka jira. Ji ya ɗan dawo a bayan ƙafar, yanzu in ƙaya ta soke shi yana sani. Ɗagawa kuwa ba ta dawo ba. An yi maganar wani aikin na juya wata jijiyar tsoka don tafiya ta yi sauƙi, ya tambaya ko zai hau dabino bayansa, aka ce ba a yi masa alkawari ba, ya ce a bar shi haka.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Yanzu a ƙasa yake aiki. Shi ke tufka igiyar hawa da rabin masu hawan yankin nan ke amfani da ita, shi ke tsince dabino yana ware na kwali da na dabbobi. A Baramhat zai tsaya a gindin itace ya ɗaga kai yana yi wa na sama tsawa, "Ba nan ba, kai makaho ne? Na bayanka ya buɗe tun jiya." Daga ƙasa yake ganin abin da su ba sa gani a sama. 'Ya'yansa uku yanzu. Likkafanin ya bayar da shi lokacin da wani baƙo ya rasu a gari. Yana shigowa gidana, muna shan shayi, na koma zaginsa a kan taba don shi ya roƙa, ya ce shirun nawa tsoro yake ba shi. Intisar tana gaishe ni yadda ya kamata, ba ta taɓa ƙarawa da ko kalma ɗaya ba, kuma ban ga laifinta ba. Tattabara kuwa ba ta ƙara shiga gidansu ba.

Bara ni ma jiki ya taɓa ni. Na fara ganin jini a fitsari, aka yi gwaje-gwaje, aka tura ni Asyut. 'Ya'yana maza suna aiki a nesa. Da safe na fito na tarar da Diyab a ƙofa, ya ɗaura robarsa ya sa takalmi kamar ranar Juma'a.

Likitan ya daɗe yana juya takardu. Ya ɗago ya yi mini murmushi. Sannan ya ɗan kalli Diyab ya kalli ƙofa.

Na san wannan kallon. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara: so nake ya tashi. So nake su fita su dawo, a dafa kafaɗata a ce ɗan abu ne, Ustaz, ka koma gida. Har na fara shirya fuskar da zan nuna na yarda.

Diyab bai motsa ba. Ya miƙe ƙafar hagun a gaban teburin, ya gyara zama.

Ya ce, "Likita, ƙafata ba ta son yawan tashi. Faɗa masa a nan. Jikinsa ne."

Likitan ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni ya faɗa, har da sunan ciwon. Babu daɗin ji. Amma an gan shi da wuri, akwai aikin da za a yi, akwai magani bayansa. Ya tambaye ni ko na yarda, ni ɗin, ba wani ba. Na karɓi biro na sa hannu.

Da muka fito muka nufi tasha. Ya ce in zauna a benci in jira shi. Ina kallonsa ya tsallaka titi yana ɗingishi, ya dawo da gurasa biyu da wake a ciki, a naɗe a takarda. Ya miƙo mini ɗaya, ya zauna kusa da ni, ya kunna taba.

Ya ce, "Ci. Kada ka sa rai da tattabaru."

Na ci, hawaye yana zuba a kan takardar. Shi kuma ya juya yana kallon motoci har na gama.